Bayani a kan Tabon da Hannun Mutum ya Bari a Jikin Tsofaffin Itatuwa a Ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu

Wanda duk ya bi hanyar da ta tashi daga Tsafe ta ratsa Gusau ta nufi Bunguɗu, in ya ratse ya shiga gonaki, zai tarar da tsofaffin itatuwa masu tabo a jikinsu. Wani tabon saran gatari ne, wani jerin ramuka ne sun hau bisa, wani kuwa faffaɗan wuri ne inda aka ɗaye ɓawo ya warke. Akwai masu cewa mutanen dā ne suka yi waɗannan alamu don kada su ɓace wurin da suka binne dukiya, har wannan zato ya kai wasu ga tona gindin itace da dare. Nufinmu a wannan takarda mu auna maganar da ma'aunin tarihi, mu ga abin da tabon ke shaidawa, da hasarar da ke biyo bayan karanta shi a karkace.

Zaton nan yana da mafari. Ƙasar nan cike ta ke da kufai. 'Yandoto, wadda ke kusa da Tsafe, babban garin malamai ce tun kafin jihadi, Muhammadu Bello ya ci ta da yaƙi wajen shekarar 1806, mutanenta suka watse. A cikin wannan zamani ne Gusau ta kafu a hannun Malam Sambo ɗan Ashafa. Daga nan har zuwan Turawa a 1903, hare-hare ba su ɗauke ba a kan iyakar Zamfara da Katsina, sau da yawa mutane kan bar gari su gudu bisa duwatsu, kamar dutsen Kwatarkwashi na ƙasar Bunguɗu. Wanda ya gudu da gaggawa kuwa ba ya ɗaukar kome da kome. Bayan wannan, ga zinariya da aka yi ta haƙa a ƙasar Zamfara a shekarun 1930, aka kuma koma mata da ƙarfi a wannan ƙarni. To, mutumin da ya ga ƙasa ta ba maƙwabcinsa arziki, ba wuya ya ɗauki kowane tabo a kan alama.

Amma kafin a karanta tabo, wajibi ne a san halin itacen da ke ɗauke da shi. Itace daga kansa ya ke ƙara tsawo, gangar jikinsa kauri kaɗai ta ke yi. Saboda haka saran da aka yi daidai ƙirjin mutum, ko bayan shekara ɗari yana nan daidai ƙirji. Abin da ke sākewa shi ne fāɗinsa: itace na kauri, tabo na buɗewa ta gefe, ɓawo kuma na nannaɗowa yana rufe bakinsa. Kuka tana da wannan hali ƙwarai, gama ko an ɗaye mata ɓawo kewaye ta kan yi sabo. Ashe ke nan siffar da ido ke gani yau, ko ta yi kama da kibiya ko da baƙin ajami, ba lalle ita ce mai gatari ya sara ba. Rabinta aikin mutum ne, rabinta aikin shekaru.

In an bi tabon nan ɗaya ɗaya, galibinsu sana'a ce ta haife su. Jerin ramuka a jikin kuka gurbin turaku ne da a kan kafa don a hau a ɗebo ganyen miya da 'ya'ya, ko a kai ga zuma. Faffaɗan tabo na ƙasa-ƙasa wurin da masu tufka suka ɗaye ɓawo ne don igiya. Maɗaci da tsamiya da marke masu magani ke sassaƙarsu, shi ya sa za a ga gefe guda ya sha wuƙa fiye da sauran. Ɗakwara a kan tsaga ta don ƙaro ya fito. A rassan ɗorawa da kaɗanya a kan ga inda igiyar amya ta ci. Akwai kuma saran iyaka, wanda manoma ko dagatai biyu kan yi a gaban shaidu, don itace ya fi kara daɗewa. A wuraren da Maguzawa suka zauna, akwai itatuwan tsafi waɗanda aka keɓe, ba mai taɓa su da gatari sai bisa al'ada.

Zamanin Turawa ya kawo nasa tabon. Bayan dokar gandun daji ta 1916, En'e ta riƙa keɓe dazuzzuka, ma'aikatan gandun daji suna sare ɓawon itatuwan da ke kan iyaka don a gane layi. Haka kuma 'yan safiyo suka yi sa'ad da a ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, wadda ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Irin wannan tabo yana da sauƙin ganewa: tsayinsa ɗaya a kowane itace, itatuwan kuma suna bin miƙaƙƙen layi. Mai neman dukiya in ya ga jerin nan sai ya ce hanya ce a ke nuna masa. Hanyar kuwa iyaka ce ta hukuma.

Sa'an nan sai mu tambaya, wace dukiya ce mutumin ƙarni na 19 zai binne? Arzikin wancan zamani dawaki ne da shanu da bayi da tufafi da hatsi, ba kuwa ɗayansu da ke zama a rami. Kuɗin kashewa wuri ne. Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya tarar wuri 2,500 ke daidai da liyari guda. Keso guda, watau wuri 20,000, kayan ƙato ne, ga shi kuwa duka-duka liyari 8 ne. Da Turawa suka hana shigo da wuri a 1904, suka kawo sule da kwabo, darajarsa ta yi ta faɗuwa har ya bar kasuwa. Wanda ya tono tukunyar wuri yau ya sami shaidar tarihi mai amfani ga masana, amma ba za ta saya masa mudun gero ba. Bayan haka, mai ɓoye abu ba ya so a gani. Yaya zai tafi itacen da kowa ke hutawa a inuwarsa ya yi masa sara?

Labarin wasu ƙasashe yana ƙara haske. A 1749 wani Bafaranshe mai nazarin tsirrai, Michel Adanson, ya ga sunaye a jikin kukoki a tsibiran da ke daura da Dakar, waɗanda matuƙan jiragen ruwa suka zana tun ƙarni na 15 da na 16. Iyakar abin da suke cewa shi ne, wane ya zo nan. A Ostareliya kuwa an taɓa yin alama don abin da aka binne. A ran 21 ga Afrilu 1861, mutanen da ke jiran matafiya Burke da Wills a bakin wani rafi suka gaji, suka binne guzuri, suka zana kalma mai ma'anar "tona" a jikin itace, suka tafi. Da maraicen ranar matafiyan suka iso, suka tona, suka sa wasiƙa a ramin suka rufe, ba su ƙara kome a jikin itacen ba. Da masu jiran suka komo, suka ga alama yadda suka bar ta, sai suka juya, Burke da Wills suka mutu a daji. Mai karatu ya lura: alama ce a sarari, tsakanin mutanen da suka san juna, cikin makonni kaɗan, duk da haka ta kāsa isar da saƙo. Ina ga tabon shekara 200 wanda ba a san mai shi ba?

Duk da haka itacen yana nuna wani abu, kuma a nan haɗarin ya ke. Kuka abokiyar zaman mutum ce. Inda aka ga kukoki sun yi cincirindo a daji, sau da yawa kufai ne, in an duba ƙasa za a ga tsingaro, da gurbin marina, da ragowar ganuwa. Kuka kuwa tana daɗewa ƙwarai, don awon masana da aka buga a 2018 ya nuna wata a Zimbabuwe ta kai wajen shekara 2,450. Watau mai tona gindin kuka, ko bai sani ba, tsakiyar tsohon gari ya ke tonawa. Masanin kufai yana gane zamanin abu ta wurin zurfinsa da abin da ke kwance kusa da shi. In an birkice ƙasa, wannan shaida ta tafi ke nan har abada.

An riga an ga misalinsa. A shekarun 1990 'yan tono suka afka wa ƙasar Kwatarkwashi, suka kwashe mutum-mutumin yumɓu masu tsohon zamani, dillalai suka fitar da su zuwa Turai, ko da ya ke doka mai lamba 77 ta 1979 ta hana tono da fitar da kayan tarihi ba da iznin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba. Kayan suna hannun masu saye, labarin masu ƙera su ya salwanta. A gwada wannan da Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, inda masana suka tona kaburbura bisa ƙa'ida a 1992. Sun sami zinariya da hauren giwa da wuri, kuma da ya ke an rubuta inda kowane abu ya ke, binciken ya ƙara mana sanin sarauta da fataucin ƙasar Hausa na ɗaruruwan shekaru.

Saura abin da ya rataya a wuyan malaman kwalejojin horon malamai. Ɗalibansu daga ƙauyukan nan suka fito, kuma can za su koma koyarwa. A koya musu, in sun ga itace mai tabo, su rubuta irinsa, da kaurinsa, da tsayin tabon daga ƙasa, da wajen da ya fuskanta, su zana shi ko su ɗauki hotonsa, su duba ko akwai irinsa a layi ɗaya. Sa'an nan su tambayi dattawa sunan itacen, da mai shi, da wanda ya sare shi, su rubuta amsar da bakin mai faɗinta. Abin yana bukatar hanzari, gama rashin zaman lafiya na 'yan shekarun nan ya tashi ƙauyuka da dama a ƙasar Tsafe da Bunguɗu, dattawan da suka san sunan kowace kuka sun warwatsu cikin birane, masu gawayi kuma ba su bar manyan itatuwa ba. Tsoho guda in ya ce wannan saran iyakar gonar kakansa ce da ta wane, ya ba mu abin da rami goma ba za su bayar ba.