Kafin a fara zana gini a takarda

Wanda ya shiga Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu zai ga ginin da ba a taɓa zana shi a takarda ba kafin a ɗora tubalinsa na farko. Fadar Sarkin Kabi ce tun ƙarni na 19, ana danganta ta da Yakubu Nabame, kuma sarakuna sun zauna a cikinta har 1942, kafin a mayar da ita gidan tarihi a 1958. To, a ina maginanta suka koyi tsara gini?

A bakin aiki suka koya. Yaron magini yakan fara da ɗebo ruwa da kwaɓa ƙasa, sannan ya koyi mulmula tubali da jefa shi sama ga maigidansa da ke zaune a kan katanga. Sai ya shekara da yawa kafin a bar shi ya taɓa azara. A nan ne ilimin yake: azarar giginya gara ba ta cika cinta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2. Wanda ke son zaure mai faɗi dole ya jera azara hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har baka ya haɗu a tsakiya. Siffar ɗakin daga wannan iyaka take fitowa. Ita ce hikimar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya.

Karatun zamani ya zo ta wata ƙofa. An fara koyar da zanen gine-gine a Ibadan a 1952, aka dawo da sashen Zariya a 1955, ya zama ɓangaren Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, bisa tsarin Ingila. Takarda ta shige gaba, ƙasa ta koma baya. Abin mamaki, Turawan da kansu sun riga sun fara ƙosawa da auna ɗalibi da kyawun zanensa na ƙarshe kawai: makarantar Bauhaus da aka buɗe a Jamus a 1919 takan sa sabon ɗalibi ya fara sarrafa itace da ƙarfe da yumɓu da hannunsa.

A ganina, ɗalibin da ke karanta fannin a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi bai kamata ya ji wannan darasi daga Jamus kaɗai ba. Argungu tafiyar kusan sa'a guda ce, kuma duk damina tana rage katangun ƙasa da maginan da suka iya gyara su.