Daga Rarrafe zuwa Keke: Matsayin Gurgu cikin Jama'ar Adar

Kafin keke ya iso kwarin Majiya, gurgu da hannuwansa yake tafiya. Wanda ƙafa ɗaya ta rage masa yakan dogara sanda. Wanda duka biyun suka shanye kuwa sai rarrafe ko jan gindi, da ƴan katakai ko tsofaffin takalma a tafin hannu saboda ƙaya da zafin ƙasa. In tafiya ta yi nisa, kamar daga Tama zuwa kasuwar Buza ko ta Madawa, to sai jaki, ko bayan ɗan'uwa. Ƙasar Adar ba ta da sauƙi ko ga mai ƙafa: tudu ne na baƙin dutse, gangare mai tsakuwa, sa'annan kwari mai laka da koramu masu yanke hanya da damina. Wanda ya san wannan ƙasa zai gane cewa tambayar ko gurgu yana zuwa suna, da jana'iza, da taron gari, tambaya ce da ta haɗa hanya da al'ada da doka wuri guda.

Yawancin guragun da suka manyanta a yau, cutar shan inna ce ta kwantar da su tun suna goye. Sunan cutar kansa tarihi ne. Inna iska ce daga cikin iskokin bori, kuma magabata sun ɗauka ita ke shanye ƙafar yaro. Nicole Echard, Bafaranshiyar da ta daɗe tana bincike kan bori da maƙeran Adar, ta nuna irin zurfin da wannan bauta ta yi a yankin. Saboda haka gidan ƴan bori ake fara kai yaron da ƙafarsa ta saki, ko wajen malam, kafin a tuna da likita. Asibitin mishan na Galmi a 1950 aka buɗe shi, amma ko can ba a mayar da ƙafar da ta riga ta shanye. Wasu kuma allurar kinin ce da aka yi ba daidai ba ta taɓa musu jijiya.

Tsohon tsarin Hausa bai bar gurgu a sake ba, ya ba shi gurbi. A manyan birane irin su Kano, Zariya da Damagaram akwai sarkin makafi, da sarkin kutare, da sarkin guragu. Su ne ke sasanta rikicin mutanensu, su karɓi baƙo, su raba abin da aka samu ranar Juma'a ko lokacin zakka, su kuma yi magana da yawunsu a fada. Kada mu raina wannan: ƙungiya ce cikakkiya, tun ba a san kalmar ƙungiya ta takarda ba. Sai dai a kan bara aka gina ta. Jama'a na buƙatar wanda za ta ba sadaka don neman lada, shi kuma ya mayar da addu'a. Ana girmama buƙatarsa, ba a tambayar ra'ayinsa. Makaho ya sami wata ƙofa ta ilimi da waƙa, har Aliyu Namangi na Zariya ya bar mana Imfiraji. Gurgu hannu yake da shi, don haka a ƙauye yakan zauna ga dukanci, ko ɗinki, ko tufkar igiya, ko saƙar tabarma, ko karantar da yara allo. Wanda bai sami sana'a ba, birni ke jansa, ya bi ayarin ƴan cin rani zuwa Sakkwato ko Kano, inda masallatan Juma'a suka fi yawa.

Akwai wani abu game da wancan zamani da ba a cika lura da shi ba. Rayuwar Bahaushe a ƙasa take: a kan tabarma ake fira, a kan tabarma ake shari'a, a ƙasa ake cin tuwo, a ƙasa ake salla. Da zarar gurgu ya iso majalisa ya zauna, tsawonsa ɗaya da na kowa, hannunsa na kai wa akushi kamar na kowa. Wahalarsa isowa ce. Malamai ma suna da hujja a hannu: aya ta 61 ta Suratun Nur ta ɗauke ƙunci daga makaho da gurgu da majinyaci a wurin cin abinci tare da jama'a cikin gidaje.

Keken da muke gani yau, mai ƙafa uku da feda a hannu, ba sabuwar dabara ba ce a duniya. Tun 1655 wani mai gyaran agogo a kusa da Nuremberg ta Jamus, Stephan Farffler, wanda shi kansa gurgu ne, ya ƙera wa kansa irinsa. Kujerar ƙarfe mai naɗewa kuwa, wadda ake turawa a asibiti, a Amurka aka fito da ita cikin shekarun 1930. An yi ta ne don daɓen siminti. In ta shiga rairayin Madawa ko tsakuwar Keita, ƙananan tayoyinta na gaba su nutse, ko su karye, kuma ba mai kayan gyaranta. Sai a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin da suka ce a riƙa auna mutum da ƙasar da zai bi kafin a ba shi keke. Masu walda sun riga ta gane haka. Da bututun ƙarfe, da tayoyi da sarƙa da birkin keken hawa, suka ƙera abin da kowane mai faci a bakin kasuwa zai iya gyarawa. A Kano guragu da kansu suka kafa wurin ƙira ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada. A ƙasar da aka san ta da maƙera kamar Adar, wannan sana'a ba baƙuwa ba ce.

Keke ya sauya abubuwa da dama. Ya ɗaga mutum daga ƙura, ya tsare masa tsabtar tufafinsa, ya ba shi akwatin da zai zuba goro ko alewa ko katin waya ya yi ciniki. Amma ya zo da nasa cikas. Ya fi ƙofar zaure faɗi, ba ya tsallake dokin ƙofa, ba ya juyawa a lungu. A bakin masallaci tare da takalma ake barinsa, don gudun najasar da taya ta kwaso, sai mai shi ya sauka ya rarrafa ta wurin da ruwan alwala ya jiƙe. A majalisa kuma, in ya zauna bisa kekensa ya fi dattawa tsawo, abin da ladabi bai yarda da shi ba. In ya sauka, ya koma neman mai taimako. Gine-ginen zamani sun ƙara tsananta al'amarin. Aji, da likita, da ofishin magajin gari, duk ana ɗaga harsashinsu saboda ruwa, a sa matakala biyu ko uku. Tsohon ɗakin laka da muke kira na ƙauyanci ya fi su karɓar gurgu.

Manyan ayyukan raya karkara da yankin ke alfahari da su ma ta gefensa suka wuce. Dashen dogon yaro don kare iska a kwarin Majiya, wanda CARE ta soma a 1975, da aikin Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, sun farfaɗo da gonaki, aikin Keita kuma ya buɗe hanyoyin karkara. Sai dai abincin da ake rabawa a Keita ladan haƙa ne da ɗaukar dutse a ka, aikin da mata suka fi yi saboda maza sun tafi bida.

Doka daga baya ta zo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1981 ta zama shekarar naƙasassu. A Nijar, bayan babban taron ƙasa na 1991 da ya saki bakin ƙungiyoyi, aka sa hannu kan doka mai lamba 93-012 ranar 2 ga Maris 1993, aka gyara ta a 2010. Ita ce ta tanadar wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatar da ke da mutum 20 ko fiye. Ƙasar ta amince da yarjejeniyar duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ta yi sabuwar doka a Disamba 2019. Ƙidayar 2012 ta sami naƙasassu kashi 4,2 cikin 100 na al'umma. Abin a yaba ne, amma mai karatu ya ƙirga da kansa: ma'aikatu nawa ne masu mutum 20 tsakanin Tama da Buza? Gurbin kuma mai takardar shaida yake jira, alhali yaron da ba a iya kai shi lakwal ba shi ne babban da ba ya da ita. A ganina dokar ta fi amfanar ɗan Yamai da ya yi karatu, ta bar na ƙauye inda sarkin guragu ya bar shi.

Ta wajen mata abin ya fi nauyi. Gurgu namiji mai sana'a yana samun aure, ya zama maigida, a kira shi ɗaurin aure da rabon gado. Gurguwa kuwa da daka, da ɗiban ruwa, da itace, da goyo ake auna ta, ayyukan da aka ɗora darajar matar ƙauye a kansu. Sau da yawa takan haihu, auren ya mutu, ta koma gidan iyaye. In keke ɗaya ya zo gari, da wuya ita ce za ta samu. Adashe da biki su ne majalisarta, su ma sai in gidan bikin yana kusa.

Shan inna dai ta ja baya. Duk da dakatar da rigakafi da aka yi a Kano daga 2003 zuwa 2004, wanda ya sa cutar ta sake bazuwa cikin maƙwabta, an cire Nijar daga jerin ƙasashen da ta yi wa katutu a 2006, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar ainihin ƙwayar ta gushe daga Afirka. Sababbin masu hawa keke wasu mutane ne daban: ɗan kabu-kabun da ya karye a baya, wanda ya faɗa rijiya, dattijon da hawan jini ya shanye masa ɓari, mai ciwon sukari da aka yanke wa ƙafa. Waɗannan ba su tashi da rarrafe ba, hannunsu bai yi kanta ba, da yawansu ba za su iya sauka daga kujera su hau da kansu ba, wasu ma ba su iya juya feda. Dabarar barin keke a bakin ƙofa, wadda guragun shan inna suka yi shekaru suna rufa wa gine-ginenmu asiri da ita, ba za ta yi musu aiki ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sahun gaba a masallaci, yana da baki a taron iyayen yara da na ƴan albasa, sai a wayi gari ana kai masa labarin taron a ɗaki.

Ajin da muke koyarwa a ciki shi ne kuma ɗakin zaɓe, shi ne wurin yaƙi da jahilci, nan ƙungiyoyin al'adu ke gwajin wasan kwaikwayo. A wasu sababbin azuzuwa an fara zuba gangaren siminti a gefen matakala. Ƙa'idar magina ita ce, kowane santimita 1 na tsawo a ba shi aƙalla santimita 12 na shimfiɗa. Dakali mai santimita 45 yana son gangare da ya wuce mita 5. Mafi yawan waɗanda nake gani ba su kai mita 2 ba, kuma a rairayi suke ƙarewa.