'Yan Sanda da Masu Zanga-zanga a Afirka ta Kudu, 1922 zuwa 2012

Mutane da yawa sun ɗauka cewa ɗan sanda ba ya harbi sai ya ga makami a hannun mai zanga-zanga. A ganinsu, wanda ya fito da bindiga ko mashi shi ya jawo wa kansa, domin tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, wanda kuma ya fito hannu sake zai koma gida lafiya. A wannan takarda za mu gwada wannan magana da abin da ya faru a Afirka ta Kudu. An zaɓi wannan ƙasa ne saboda a can an ga iri biyun duka, masu makami da marasa makami, kuma kwamitocin bincike sun rubuta yadda aka yi da kowannensu.

Bari mu fara da Sharpeville, wata unguwar baƙar fata kusa da garin Vereeniging, kudu da Johannesburg. A zamanin mulkin wariyar launin fata, doka ta tilasta wa baƙin mutum ya riƙa yawo da wata takarda da ake kira fas, wadda ke nuna inda aka yarda ya zauna da inda yake aiki. Wanda aka kama ba shi da ita, sai gidan yari. Jam'iyyar PAC, a ƙarƙashin Robert Sobukwe, ta yi kira ga mutane su bar takardun nan a gida ranar 21 ga Maris 1960, su tafi ofishin 'yan sanda su ce a kama su. Dabarar ita ce gidajen yari su cika, aiki ya tsaya, dokar ta gagara aiwatarwa. Sobukwe har wasiƙa ya rubuta wa shugaban 'yan sanda tun kafin ranar, ya sanar da shi cewa za a fito kuma ba za a yi tashin hankali ba.

Dubban mutane suka taru a gaban ofishin 'yan sandan Sharpeville tun da safe, maza da mata da yara. Aka turo jiragen yaƙi suka riƙa shawagi ƙasa-ƙasa don a tsorata su, ba su watse ba. Aka ƙaro 'yan sanda har suka kai wajen 300, da motoci masu sulke. Bayan ƙarfe ɗaya na rana, ba tare da an yi wa taron gargaɗin da kowa zai ji ba, sai aka buɗe wuta. Harbin bai ɗauki fiye da 'yan mintoci ba. Gwamnati ta ce mutum 69 suka mutu, 180 suka ji rauni. Binciken da masana tarihi suka yi daga baya cikin takardun hukuma ya nuna cewa mamatan sun kai aƙalla 91. Likitoci sun tabbatar da cewa yawancinsu a baya harsashi ya same su, wato suna gudu ne aka harbe su.

'Yan sandan sun kafa hujja da tsoro. Sun ce an jefe su da duwatsu, kuma wata biyu kafin nan, a watan Janairu, an kashe 'yan sanda 9 a Cato Manor da ke Durban. Ba mamaki wasunsu sun tsorata da gaske. Amma tsoro bai isa ya bayyana harsashi a gadon bayan mai gudu ba. Abin da ya biyo baya ya fi nuna manufar gwamnati: aka kafa dokar ta-ɓaci, aka haramta ANC da PAC a watan Afrilu, sannan a 1961 majalisa ta yi dokar da ta kare gwamnati da jami'anta daga ƙarar waɗanda aka cuta. Ba a hukunta ɗan sanda ko ɗaya ba. A watan Disambar 1961 ne ANC ta fara gwagwarmaya da makami, bayan kusan shekara hamsin tana bin hanyar lalama.

Haka aka maimaita a Soweto ranar 16 ga Yuni 1976, sai dai a wannan karon 'yan makaranta aka harba. Ya kamata ɗaliban harshe su lura da abin da ya fito da yaran nan kan titi: an ce dole a koya musu wasu darussa, har da lissafi, da harshen Afirkans, wanda su da malamansu da yawa ba su iya shi sosai ba.

To, yanzu mu dubi ɗaya ɓangaren. A 1993 ana zaman tattaunawa tsakanin gwamnatin F. W. de Klerk da ANC da sauran jam'iyyu a wani babban zaure a Kempton Park, kusa da filin jirgin saman Johannesburg, don a tsara yadda za a kawo ƙarshen wariya. Wasu Turawa 'yan ƙabilar Afirkana ba su yarda da hakan ba, suna son a yanka musu ƙasarsu ta daban. Ranar 25 ga Yuni, wajen mutum 3,000 daga cikinsu suka taru a bakin zauren. Da yawa suna sanye da kaki, suna rataye da bindigogi a fili. A cikinsu akwai 'yan ƙungiyar AWB ta Eugène Terre'Blanche, mai tuta da ta yi kama da ta 'yan Nazi. Suka tura mota mai sulke ta fasa gilashin gaban ginin, suka kutsa ciki. Wakilai suka ɓuya a ofisoshi. Masu kutsen suka zagi mutane, suka doki wasu, suka yi rubuce-rubuce a bango, suka ɓata wurin. A waje kuwa wasu suka hura wuta suna gasa nama.

'Yan sanda suna nan, da bindigoginsu. Ba su yi harbi ba. Aka zauna aka yi sulhu da shugabannin taron, aka bar mutane suka fita da makamansu suka tafi gida, sai daga baya aka kama wasu. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Manyan 'yan sanda sun ce da sun yi harbi da an zubar da jini mai yawa, tunda ɗaya ɓangaren ma yana da makamai. Wannan lissafi ba laifi ba ne, kuma shi ake so ɗan sanda ya yi. Tambayar ita ce me ya hana a yi irinsa a Sharpeville, ko a Sebokeng a watan Maris 1990, inda 'yan sanda suka kashe fiye da mutum 10 cikin masu maci, har alƙali Richard Goldstone ya bincika ya ce harbin ba shi da hujja.

Amsa ɗaya a bayyane take. Ɗan sandan da ke tsaye a Kempton Park yana kallon mutanen da suke magana da harshensa, suke zuwa coci irin nasa, wasu ma tsofaffin sojoji da 'yan sanda ne. Shugaban haɗakar ƙungiyoyin, Janar Constand Viljoen, tsohon shugaban rundunar sojan ƙasar ne gaba ɗaya. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sai dai kada a ɗauka cewa gwamnatin Turawa ba ta taɓa harbin Bature ba. A Ventersdorp, ranar 9 ga Agusta 1991, 'yan AWB sun yi ƙoƙarin hana de Klerk yin jawabi, aka yi musayar wuta da 'yan sanda, uku daga cikinsu suka mutu. Wanda ya fi wannan girma shi ne na 1922, lokacin da Turawa masu haƙar zinariya suka yi yajin aiki a kewayen Johannesburg, suka ɗauki bindigogi suka kama wasu unguwanni. Firayim Minista Jan Smuts ya tura musu soja da igwa da jiragen sama, aka kashe fiye da mutum 150. A nan ne, a ganina, bakin zaren yake. Waɗanda Smuts ya harba suna da ƙuri'a, kuma a zaɓen 1924 suka taimaka aka kayar da shi. Waɗanda aka harba a Sharpeville ba su da ita. Hendrik Verwoerd bai yi asarar komai ba a wurin masu zaɓensa: a watan Oktoban 1960 ya ci ƙuri'ar raba gardama ta mai da ƙasar jamhuriya, a 1961 kuma jam'iyyarsa ta ƙara kujeru. Kowace gwamnati ta san jinin da za a tambaye ta a kansa da wanda ba za a tambaye ta ba, kuma wannan sani yana gangarowa har kan kurtun da ke riƙe da bindiga.

Da a ce labarin ya tsaya a 1994, da sai mu ce ƙuri'a ta magance matsalar. Kwamitin Goldstone ya share hanyar wata sabuwar doka a 1993, wadda ta ɗauki zanga-zanga a matsayin haƙƙi, ta kuma buƙaci masu shiryawa da 'yan sanda da hukumar gari su zauna tare kafin a fito. Nelson Mandela ya zaɓi Sharpeville ya sa hannu a sabon tsarin mulki ranar 10 ga Disamba 1996. Amma sai ga Marikana.

A watan Agustan 2012, ma'aikatan kamfanin Lonmin, masu haƙar farin ƙarfen nan mai tsada da ake kira filatinam, suka shiga yajin aiki suna neman a mai da albashinsu rand 12,500 a wata. Da yawansu 'yan ci-rani ne daga ƙauyukan Gabashin Kef, suna zaune a bukkokin kwano kusa da mahaƙar. Suka hau wani dutse suka zauna, riƙe da sanduna da masu da adduna. Ba za a ce hannunsu sake yake ba, domin a makon da ya gabata an kashe mutum 10, har da 'yan sanda 2 da masu gadi 2. Duk da haka makamansu ba su kama ƙafar na mutanen Kempton Park ba. Ranar 16 ga Agusta 'yan sanda suka harbe 34 daga cikinsu, suka raunata 78. Rabin mamatan an kashe su ne a wani wuri na biyu, cikin duwatsu, nesa da kyamarorin 'yan jarida, bayan taron ya riga ya watse. An kuma gano cewa tun da safiyar ranar an nemi a kawo motocin ɗaukar gawa guda 4.

A wannan karon gwamnatin ANC ce ke mulki, shugabar 'yan sanda, Riah Phiyega, baƙar fata ce, kuma yawancin mamatan suna da ƙuri'a. Cyril Ramaphosa, wanda ya jagoranci wakilan ANC a tattaunawar Kempton Park, yana cikin daraktocin Lonmin, kuma ana gobe harbin ya aika saƙonni yana neman hukuma ta ɗauki mataki a kan masu yajin. Kwamitin alƙali Ian Farlam, a rahotonsa na 2015, ya wanke shi daga laifin kisan, amma ya soki shirin da 'yan sanda suka yi, ya ce kuma sun ɓoye wa kwamitin gaskiya. Da farko ma ma'aikata 270 da aka kama su aka tuhuma da kisan 'yan uwansu, sai da jama'a suka yi ca aka janye tuhumar. ANC ta sake cin zaɓen 2014 da kashi 62 cikin ɗari. Har aka cika shekara goma da abin, a 2022, ba a yanke wa ɗan sanda ko ɗaya hukunci a kan mutum 34 ɗin nan ba.