Gano Tushen Matsala a Fitilun Fiksel na Adon Bukukuwa: Nazari kan Wuta, Sigina da Kwanturola

Tsakure

Maƙalar nan ta duba matsalolin da suka fi addabar masu ƙawata gidaje da fitilun fiksel masu bin kiɗa a lokacin Kirsimeti, musamman waɗanda aka gina kan WS2811 da WS2812B. An dogara ne da ƙa'idojin da masu ƙera waɗannan na'urori suka gindaya, tare da lissafin dokar Ohm. Nazarin ya nuna cewa kwanturola, wadda ake gaggawar ɗora wa laifi, sau da yawa lafiyarta ƙalau, kuma wurin da matsala ta soma a jikin igiyar fitilu da launin da ta bayar su ne ke nuna tushenta.

Gabatarwa

A ƙarshen shekarar 2005 ne bidiyon gidan Carson Williams, a garin Mason na jihar Ohio ta Amurka, ya karaɗe intanet, fitilun gidan suna kamawa suna mutuwa daidai da bugun kiɗa. A wancan zamani, tasha ɗaya ta kwanturola igiya guda take kunnawa ko ta dusashe gaba ɗayanta. Yanzu kuwa kowace fitila tana da 'yar na'urarta da ke karɓar umarni, shi ya sa ake ce mata fiksel. Ana tsara wasan a manhaja irin xLights, a kunna shi da Falcon Player, ko a sa manhajar WLED a kan 'yar kwanturola ta ESP32 idan aikin ƙarami ne. Irin waɗannan fitilu sun shigo kasuwanninmu, ana ganinsu a adon biki da na shaguna, saboda haka masu gyaran lantarki na wajenmu ma suna da buƙatar sanin halinsu.

Yadda saƙo ke tafiya

WS2812B tana karɓar saƙo ta waya ɗaya, bit 800,000 a sakan guda. Kowane fiksel yana buƙatar bit 24, takwas ga kowane launi, wato mikrosakan 30. Tsarin kamar rabon goro ne a sahu: na farko ya ɗauki nasa ya miƙa sauran gaba. Sai dai fiksel ba miƙawa kawai yake yi ba, yana sabunta siginar kafin ya tura ta, kuma gaba kawai take tafiya.

Daga nan ƙa'idar bincike ta farko ta fito. Idan fitilu 37 na farko suna aiki daidai, daga na 38 kuma duhu, alhali an saita adadin fitilun daidai, babu dalilin taɓa kwanturola. Ko mafitar na 37 ta lalace, ko mashigar na 38, ko haɗin da ke tsakaninsu. Mutane kan yanke wanda ya mutu su bar mai haske, alhali mai hasken ne wani lokaci ya kasa miƙa saƙo. Sauya su biyun ya fi sauƙi. WS2813 da WS2815 suna da wayar saƙo ta biyu domin wannan larura, don haka mutuwar fiksel ɗaya ba ta kashe na bayansa.

Wuta: inda akasarin matsalar take

Fiksel mai bolt 5 yana jan kimanin miliamfa 60 idan ya ba da fari cikakke, 20 ga kowane launi. Igiya mai fiksel 50 amfa 3 ke nan. Wayar jan ƙarfe mai lamba 18 a ma'aunin Amurka tana da turjiya ta kusan om 0.021 a kowace mita. A ce tsakanin na'urar ba da wuta da fiksel na farko mita 5 ce. Wutar za ta je ta dawo, mita 10 ke nan, om 0.21. A amfa 3 an yi asarar bolt 0.63, abin da ya isa fiksel na farko bolt 4.37 ne. Idan aka jona igiya ta biyu, amfa 6, asarar ta zama bolt 1.26, saura 3.74, tun ba a shiga siririyar wayar da ke cikin igiyar kanta ba.

Alamar wannan ba ta ɓuya. Jan launi yana kamawa da kimanin bolt 2, kore da shuɗi kuwa suna neman wajen 3. Da wuta ta ragu, shuɗi da kore ke fara rauni, sai farin ya riƙa komawa rawaya-rawaya ko ja-ja yayin da ake nisa da tushe. Sauyin a hankali yake zuwa, ba a wuri ɗaya ba, kuma wannan ne ya bambanta shi da mutuwar fiksel. Idan abin ya tsananta, na'urorin ƙarshe kan rikice su soma ƙyaftawa, musamman a daidai inda wasan ya watsa fari ko'ina. Mai kallo sai ya zargi manhaja, tunda a wuri ɗaya na waƙar abin ke faruwa kullum.

Gwajin ba ya cin ko sisi. A rage haske zuwa kashi 30 cikin ɗari. Idan matsalar ta ɓace, wuta ce. A tabbatar da mita a ƙarshen igiya, fitilu na kan fari cikakke. Awon da aka yi fitilu na kashe ba ya nuna komai, domin inda ba a jan wuta babu asara. Maganin shi ne a jawo waya mai kauri daga tushe a ƙara wuta a tsakiya ko ƙarshen igiyar. Idan na'urorin wuta biyu ne, a haɗa nagatif ɗinsu, a yanke fozitif a tsakani. A kuma lura da wayar alminiyon da aka yi wa rufin jan ƙarfe, domin alminiyon kusan kashi 61 cikin ɗari na ƙarfin jan ƙarfe yake da shi wajen ɗaukar wuta, kuma lissafin da ke sama ba zai yi daidai da ita ba. Fiksel mai bolt 12 ya fi jure nisa, tunda asarar bolt ɗaya ba ta girgiza shi kamar mai bolt 5.

Sigina

WS2812B tana ɗaukar sigina a matsayin mai ƙarfi ne idan ta kai kashi 70 cikin ɗari na wutar da ke ciyar da ita. A bolt 5, iyakar 3.5 ce. ESP32 da ESP8266 kuwa 3.3 suke fitarwa. A nan akwai abin da ya cancanci a tsaya a kansa. A misalin da ya gabata, inda bolt 4.37 ya isa fiksel na farko, iyakar ta sauko zuwa kimanin 3.06, sai siginar 3.3 ta wadatar. Ranar da mai aikin ya gyara wayarsa wuta ta koma 5 cif, iyakar ta hau 3.5, fitilun da ke zaune lafiya suka soma ƙyaftawa. Gyara na gaskiya ne ya tono rauni na biyu da ke ɓoye. A ganina, na'urar ɗaga sigina irin 74AHCT125 wajibi ce a kowane aiki na 3.3, ko da ya yi aiki a kan tebur ba tare da ita ba.

Launuka barkatai tun daga fiksel na farko galibi rashin haɗa nagatif ɗin kwanturola da na fitilu ne, domin sigina ba ta da ma'auni sai da shi. An kuma saba sa rezista mai om 300 zuwa 500 a wayar saƙo, da kafasito mai mikrofarad 1000 a bakin wuta. Idan tazara ta yi yawa, ana sa fiksel ɗaya a hanya don ya sabunta sigina kawai, ko a tura ta da RS-485. Matsalar da ke zuwa bayan ruwan sama ko raɓa ta tafi da rana kuwa, a duba mahaɗan waya.

Saiti

Wasu kurakuran suna da tsari, ba sa canzawa, kuma wannan ne shaidar cewa daga saiti suke. An nemi ja aka ga kore a duk igiyar: WS2812B kore take fara karɓa, sannan ja, sannan shuɗi, kwanturola kuma an saita ta da wani jeri. Wani kuskuren ya fi wannan wuyar gani. Ƙa'idar E1.31, wadda ake tura wasa da ita zuwa kwanturola ta hanyar sadarwa, ta gaji DMX512, inda kowane rukuni ke da tasha 512. Fiksel 170, uku-uku kowanne, tasha 510 suke ci, biyu su yi saura. Idan manhaja ta ƙirga 512, kwanturola kuma 510, fiksel 170 na farko za su yi daidai, daga na 171 launuka su goce, gocewar kuma ta ƙaru a kowane rukuni. Sai iyakar lokaci: wasa mai hoto 40 a sakan yana ba da milisakan 25 ga kowane hoto, wanda bai wuce fiksel 833 a mafita ɗaya ba. Wuce haka tsalle-tsalle yake kawowa. Galibin kwanturoli suna da gwajin cikin gida. Idan fitilu sun bi shi sumul amma suka yi tsalle a wasa, a koma kan Wi-Fi da hanyar sadarwa.

Shawara

Kada a sayi sabuwar kwanturola sai an gwada mafitar da ake zargi da gajeriyar igiya mai lafiya da wuta isasshiya, ta kuma kasa. Abu ɗaya ne ba ya jiran bincike. Na'urar wuta mai bolt 5 da wat 300 tana iya tura amfa 60, siririyar wayar fiksel kuwa ba za ta ɗauki kusa da haka ba idan wayoyi suka haɗu. Duk wayar fozitif da ta fita daga na'urar, a sa mata fis daidai kaurinta kafin a rataye fitila ko ɗaya a jikin gida.