Daga Lugu Zuwa Zauren Jami'a: Asalin Kyautar Sarauniya

Duk lokacin da aka jinkirta biyan ɗaliban jami'a kuɗin tallafinsu, sai tsohon musun nan ya sake tashi a majalisun Dogon Dutsi, wato ko ya dace hukuma ta ci gaba da kashe dukiya a kan masu karatun adabi da tarihi da falsafa, alhali ƙasa tana kukan ƙarancin likitoci da masu haƙa rijiya. Ni kuwa, da yake ban iya raba gardama da fatar baki ba, na ga ya fi mini sauƙi in bi sawun wata kyauta guda ta Jami'ar Abdu Mumuni, wadda aka raɗa wa sunan da kowane ɗan Arewa ya sani tun yana goye, in ga ta wace hanya sunan ya bar bukka a Lugu har ya isa zauren malamai a Yamai.

Farkon al'amarin riwaya ce ta kunne ya girmi kaka. An ce Sarauniya ta farko daga wajen Daura ta fito, dutsen nan Tunguma yana yi mata jagora har ya tsaya inda Lugu take, aka kuma ci gaba da gadon sarautar mace bayan mace. Abin da ke da tabbataccen kwanan wata shi ne watan Afrilu na 1899, sa'ad da rundunar Faransa ta hafsoshi Voulet da Chanoine, wadda ta yi ta ƙone garuruwa tun daga bakin Kwara, ta auka wa Lugu a zamanin Sarauniya Mangu, mutanen garin suka tare ta da baka da kibiya, sa'an nan suka janye cikin kurmi. Kafin Yuli ya ƙare sojojin rundunar sun kashe hafsoshin nasu biyu. Daga nan kuma takardun Nasara suka yi kusan shiru da zancen Sarauniya shekaru da dama.

Masana sun yi saɓani a kan wanda ya farfaɗo da sunan. Mafi yawa sun jingina abin ga Abdullahi Mamani, haifaffen Gudumariya a 1932, ɗan jam'iyyar Sawaba wanda ya sha gudun hijira, ya kuma wallafa littafinsa mai sunan Sarauniya da Faransanci a 1980. Waɗansu sun ce a'a, littafi bai wuce hannun 'yan lakwal ba, majigin da Med Hondo ya ɗauka a Burkina Faso ya fito a 1986, ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987, shi ne ya kai sunan duniya. Na uku kuma sun ce siyasa ce kawai, domin kowace gwamnati tana bukatar gwarzon da za ta rataya wa tuta.

Ban musa wa kowannensu rabonsa ba, musamman Mamani, wanda ajali ya riske shi a hatsarin mota a 1993 yana kan hanyar Yamai daga Damagaram don karɓar kyautar adabi ta Bubu Hama. Allah ya jiƙansa. Amma a nawa ra'ayi duk hujjojin nan uku sun tsallake wani tsani. Ƙagaggen labari da majigi suna haifar da shahara, sai dai shahara ba ta kafa kyautar jami'a, domin jami'a ba ta ɗaukar suna sai wanda ya zama mas'alar bahasi, aka yi masa isnadi, aka yi jayayya a kansa da hujja. Wannan aiki kuwa masu ilmin ɗan Adam ne suka yi shi, a hankali, da kuɗin tallafi kaɗan da na'urar ɗaukar magana. Tun 1944 akwai reshen cibiyar IFAN a Yamai, wanda daga bisani ya zama cibiyar binciken IRSH. A 1970 Marc-Henri Piault ya fitar da talifinsa a kan tarihin Mawri, mutanen yankin Dogon Dutsi. A 1971 aka buɗe cibiyar ilmi mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. A 2007 kuma aka buga wani littafi a kan Lugu da Sarauniya wanda Bube Namaiwa, masanin falsafa, yana cikin mawallafansa, inda aka koma ga bakin mutanen garin kansu. A irin wannan nazari ne aka rarrabe tsakanin jarumar littafi, mai fita fagen fama, da Sarauniyar Azna ta hakika, wadda ke zaune a killace tana riƙe da al'amuran ƙasa da na ruwan sama. Malama Antoinette Tidjani Alou, ta tsangayar adabi a Yamai, ta yi rubutu mai zurfi a kan wannan bambanci, kuma ba na ɗaukarsa dace kawai cewa sashen fasaha da al'adu da ta jagoranta shi ne ya haɗa gwiwa da kamfanin ɗab'i na Amalion da ke Dakar aka kafa kyautar.

Sharuɗɗanta a bayyane suke: ƙagaggen labari don matasa, wanda ba a taɓa bugawa ba, daga marubucin Afirka mazaunin Afirka, da Ingilishi ko Faransanci ko Hausa, ladan kuwa yuro 1,000, wato kimanin jika 656 na sefa, tare da buga littafin. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma wanda ya san cewa gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ce ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar ba zai raina ƙaramar gasa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sakamakon karo na farko a 2020. Paul Kisakye, mutumin Uganda, shi ya ci, da labarin da ya rubuta da Ingilishi a kan masu kiran ruwan sama. Ban yi masa hassada ba, har ma na yi murmushi, domin neman ruwa yana cikin hidimar Sarauniya tun fil azal. Sai dai an buɗe ƙofar Hausa a gasar da gangan, kuma tsakanin Matankari da Tibiri akwai 'yan makaranta da suka ji labarin Tunguma daga bakin kakanninsu, waɗanda har yanzu malamansu ke ce musu karatun adabi mafakar wanda lissafi ya kayar ne.