Gudun Bushiya a Tafin Hannu

A ƙarshen shekarar 2002 kamfanin Sega na ƙasar Japan ya fitar da Sonic Advance 2, wasan gudu da tsalle da ake bugawa a ƙaramar na'urar hannu ta kamfanin Nintendo mai suna Game Boy Advance. Tun daga lokacin masu sha'awar gem suka rabu gida biyu a kansa. Wasu na cewa ba a taɓa yin wasan aljihu mai tsuma rai kamarsa ba, wasu kuma na ganin gudu ne tsagwaronsa babu tunani a ciki. Ni ina tare da rukunin farko, kuma hujjata tana cikin tarihin sana'ar kanta. Masu ƙera wasannin hannu sun shafe fiye da shekara goma suna kokawa da matsala guda, wato yadda za a sa abu ya yi gudun tsiya a kan allon da bai kai tafin hannu ba, kuma wannan wasa na biyu shi ne wurin da suka daina kauce wa matsalar suka tunkare ta gaba da gaba.

Asalin matsalar tana jikin na'urar. Lokacin da Nintendo ya fitar da Game Boy a 1989, ƙarƙashin jagorancin injiniya Gunpei Yokoi, an zaɓi araha da daɗewar batir a kan ƙawa. Allon ba shi da launi sai kore-kore mai duhu da haske, faɗinsa ɗigo 160, tsayinsa 144, kuma duk abin da ya motsa da sauri sai ya bar inuwa a bayansa, hoton ya dusashe. Shi ya sa a Super Mario Land na wannan shekarar aka ƙanƙantar da Mario ya zama ɗan mitsitsi domin a ga hanya a gabansa. Da aka zo na biyu a 1992 sai aka girmama shi, aka ƙawata duniyarsa, amma tafiyar ta zama ta natsuwa. Ke nan maƙerin yana da zaɓi biyu kawai: ko ya rage girman jarumi, ko ya rage masa sauri. Sega ya yi ƙoƙarin shiga gaba da Game Gear a 1990, mai launi da fitila a bayan allo, sai dai tana cinye batir shida cikin sa'o'i uku zuwa biyar, alhali batir huɗu na kai mai Game Boy kwanaki yana wasa. Kasuwa ta yanke hukunci. Game Boy da ƙanwarta mai launi sun haura miliyan 118, Game Gear kuwa ta tsaya a wajen miliyan 10.

Ga Sega abin ya fi ciwo, domin jaruminsu ba shi da wata daraja sai gudu. Sonic, bushiyar nan mai launin shuɗi da Yuji Naka da Naoto Ohshima da Hirokazu Yasuhara suka fito da ita a 1991, an gina shi ne don na'urar Mega Drive da ake haɗawa da talabijin, inda faɗin hoto ya kai ɗigo 320. A Game Gear rabin wannan faɗin ake da shi. Wanda ya buga Sonic na biyu a Game Gear, na 1992, ya san abin da hakan ke nufi tun daga bos na farko, wato babban abokin gaba na ƙarshen zango. Ana tsaye a kan gangare, ƙwallayen ƙarfe na tahowa daga sama suna dira suna tashi, ba a ba ka zobe ko ɗaya da zai kare ka ba, kuma saboda an datse gefen hoton, ƙwallon kan bayyana ne bayan lokacin kauce masa ya kusa ƙurewa. A na'urar Master System, inda allon ya fi faɗi, wannan faɗan ba wani abu ba ne. A tafin hannu kuwa ya hana yara da yawa ganin zango na biyu.

Mutanen da suka ɗauko gyaran sun fito ne daga wani gida dabam. A 1999 kamfanin SNK ya yi Sonic Pocket Adventure don tasa ƙaramar na'urar, Neo Geo Pocket Color, kuma aikin ya yi kyau. Da SNK ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, wasu ma'aikatansa suka bi Takashi Nishiyama, mutumin da ya jagoranci Street Fighter na farko a 1987, suka kafa kamfanin Dimps a birnin Osaka a shekarar 2000. Shekara guda bayan haka Sega ya daina ƙera na'urorin wasa na gida, bayan na'urarsa Dreamcast ta kasa kai labari, ya koma sayar da wasanninsa a na'urorin tsofaffin abokan hamayya. Haka Sonic ya wayi gari a gidan Nintendo. Sonic Advance na farko, wanda Dimps suka yi tare da Sonic Team, sashen Sega mai kula da Sonic, a Disambar 2001, wasa ne mai taka-tsantsan. Ya bi sawun na Mega Drive sau da ƙafa, yana cakuɗa ɗan gudu da tsalle-tsalle a hankali, domin masu shi suna gwada sabuwar na'urar Game Boy Advance mai faɗin ɗigo 240 ne, kuma suna son tabbatar wa jama'a cewa Sonic ɗin da suka sani ne.

Shekara guda kacal ta raba shi da na biyu, amma tunanin ya sauya daga tushe. An shimfiɗa zanguna bakwai masu tsawon gaske, kowanne da hanyoyi a sama da tsakiya da ƙasa. Idan ɗan wasa ya ɗore da gudu bai yi tuntuɓe ba, sai Sonic ya keta wani shinge na sauri, a ji ƙara, inuwoyinsa su riƙa bin sa a baya, kuma yawan zobban da ya tara na gaggauta zuwan wannan yanayi. Idan sifirin ya cilla shi sama, danna maɓallin R tare da wata kusurwa na ƙara masa tashi ko tura shi gaba, ya kama wata hanya da ba a hangen ta daga ƙasa. Hatta faɗa da mugun labarin, Dokta Eggman, kusan duk a guje ake yin sa, ana bin motarsa ƙasa na zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Dabarar ita ce an mayar da sauri abin da ake nema a samu, ake kuma iya rasawa da kuskure guda.

Masu suka na cewa ai danne maɓallin dama kawai ake yi, wasan na buga kansa. A zangon farko, Leaf Forest, maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin an yi shi ne don koyo. Amma wanda ya tafi da wannan ɗabi'a zuwa Sky Canyon zai ƙare rayukansa a ramuka cikin 'yan mintoci. Abin da wasan ke nema shi ne sanin hanya. Direban da ya saba da titi yana tafiya da dare fitilarsa na haska 'yan taku kaɗan, amma ya san inda kwana take da inda gada ta karye, don haka ƙafarsa na sauka a birki kafin idonsa ya gani. Haka ɗan wasa yake zama a karo na goma ko na ashirin: yatsansa na tsalle tun ramin bai shigo allo ba. Wannan kuma ya dace da yadda ake amfani da na'urar hannu, a cikin jirgin ƙasa ko layin jira, minti biyu ko uku a zauna ɗaya, ana maimaita zango guda ana aske daƙiƙu daga lokacin jiya.

Akwai suka ta biyu da ta fi nauyi, kuma ban ga amfanin musanta ta ba. Wasu ramukan zalunci ne, domin babu wata alama da ke gargaɗin baƙo, kuma sharaɗin tattara zobba bakwai na musamman a zango guda ba tare da an mutu ba, kafin a shiga matakin neman duwatsun Chaos, ya wuce kima. Masu ƙera wasan sun san da tsananin, shi ya sa suka shigo da Cream, 'yar zomo mai iya tashi sama da kunnuwanta, wadda ɗan rakiyarta Cheese ke kai wa bos hari daga nesa, domin mai rauni ma ya ga ƙarshen labari. Duk da haka kurakuran nan na wanda ya kuskura ya gwada sabon abu ne. Su ne kuma amsa ga masu cewa wasa na biyu neman kuɗi ne da tsohon suna. Da kuɗi kaɗai ake nema, da maimaita na farko da sababbin zane ya fi sauƙi da aminci, tunda ya riga ya karɓu a kasuwa.

Abin da ya biyo baya ya nuna inda gaskiya take. A 2005 Dimps suka yi Sonic Rush a Nintendo DS, suka yi amfani da allonta biyu, sama da ƙasa, don ƙara wa ido fili, suka kuma mayar da ƙarin saurin nan maɓalli guda mai ma'aunin da ke cika yana raguwa. A 2008 Sonic Team suka ɗauki wannan maɓalli suka gina matakan rana na Sonic Unleashed a kansa, a manyan na'urorin talabijin, daga nan ya wuce Sonic Colors a 2010 da Sonic Generations a 2011. A da, daga talabijin ake yanko wasa a matse shi ya shiga aljihu. Salon gudun da aka san Sonic da shi a wannan zamani kuwa a kan allo mai ɗigo 240 aka fara gwada shi, a Osaka, a 2002.