Hukuncin haɗa kayan adon Sallah tare da ƙananan yara

Tambaya:

A garuruwan Gobir na kan iyaka, kamar Burkusuma da sauran ƙauyukan Sabon Birni da Isa, rashin tsaro ya rage yawon Sallah, yara sun fi zama cikin gida. Shin ya halatta iyaye su zauna da ƙananan yaransu su haɗa kayan ado da kara da kaba da yumɓu da ƙyallaye, waɗanda yaro zai taɓa ya shinshina ya kaɗa, a rataya su a ɗaki saboda Sallah? Ko hakan bidi'a ne, ko koyi da bukukuwan waɗanda ba Musulmi ba?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ka sani, ya ɗan'uwa, ki sani, ya 'yar'uwa, wannan aiki halal ne, kuma ana fatan lada a cikinsa ga wanda ya yi niyyar faranta ran 'ya'yansa a ranar Idi, matuƙar an kiyaye sharuɗɗan da za mu ambata.

Na farko: asalin hukuncin

Ƙawata ɗaki da wasan yara suna cikin babin al'ada. Ƙa'idar malamai ita ce asali a ibada tsayawa ne kan nassi, asali a al'ada kuwa halacci ne har sai dalilin hani ya zo. Abin zai shiga bidi'a ne idan kuka ƙudurta cewa rataya adon sunna ce ta Idi, ko wani sashe ne na ibadar ranar.

Bayyana farin ciki a Idi abin so ne a shari'a. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito daga Anas (Allah ya yarda da shi) cewa mutanen Madina suna da ranaku biyu na wasa tun jahiliyya, sai Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya sanar da su Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi alheri, wato ƙaramar Sallah da babbar Sallah. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa ya bar Nana A'isha ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci.

Yi wa yara abin wasa da hannu ma yana da asali. A cikin Bukhari da Muslim, Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin yadda matan sahabbai suke sa yara azumin Ashura, su yi musu abin wasa da gashin tumaki, idan yaro ya yi kukan yunwa a miƙa masa har lokacin buɗa baki.

Na biyu: abin da za ku yi aiki da shi

Ba sai kun je kasuwa ba. Ƙyallayen da tela yake zubarwa a kwanakin ɗinkin Sallah, ku yanka su ku jera a igiya, yaro ya bambance santsin shadda da kaushin saƙi. Kaba tana yin ƙaramin faifai ko mahuci. Karan dawa yana yin mota da rumbu da ɗaki. Yumɓun fadama yaro ya murza da tafinsa ya danna yatsa ya yi zane, a shanya a inuwa don kada ya tsage. Ƙaramar gora a zuba mata tsakuwa a toshe bakin sosai ta zama kacau-kacau. Kanumfari kaɗan a ƙulle cikin ƙyalle a ɗinke, ya ba da ƙamshi. Ruwan zoɓo da karan dafi suna ba da ja, ƙaro ko kunun rogo kuma suna manna takarda.

Ku bar yaron ya yi da hannunsa ko da bai yi kyau ba, kuna faɗa masa sunan kowane abu, da wanda ya halicci dawa da goriba da ƙasa.

Na uku: sharuɗɗa

1. Surar mai rai. A mazhabar Malikiyya haramun ne ƙera cikakkiyar surar mutum ko dabba mai inuwa. An togace 'yar tsanar yara mata, saboda hadisin A'isha a Bukhari da Muslim cewa tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, da ruwayar Abu Dawud kan dokinta mai fukafukai wanda ya sa shi dariya. Alƙali Iyad, wanda ya rasu shekara ta 544 bayan Hijira, ya danganta wannan rangwame ga mafi yawan malamai. Sai dai rangwamen na wasa ne. Kada a ɗora surar a kan kanta ko a rataya ta a bango a matsayin ado. Don ado ku bi shawarar Ibn Abbas ga mai zane, inda ya nuna masa itatuwa da abin da ba shi da rai.

2. Ayoyi da sunayen Allah. Kada ku rubuta su a kan takardar ado. Bayan kwana uku za ta faɗi ƙasa, a taka ta, ko akuya ta cinye. "Barka da Sallah" ta wadatar.

3. Aƙida. Kada a rataya wa yaro ko ƙofa wani abu da zaton yana kore kambun baka, ko aljani, ko ɓarayin daji. Tsari na wurin Allah ne, ana neman sa da addu'a da azkar da kuma riƙon sababi.

4. Koyi da wasu. Abin da aka hana shi ne alamar da ta keɓanta da addinin wasu, kamar gicciye ko bishiyar Kirsimeti, ko yin adon a ranar bikinsu. Ƙyalle mai launi da zanen ganye na kowa ne. Jinjirin wata da tauraro babu laifi a zana su, amma babu nassin da ya ba su wani tsarki.

5. Almubazzaranci. Allah ya hana shi a Suratul A'araf aya ta 31 da Suratul Isra'i aya ta 26 da 27. A yankin da gonaki da yawa ba sa nomuwa, kuma tun 2019 dubban iyalai suka tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira, bai dace a manna gero ko wake a takarda a zubar ba. Zakkar fidda kai da abincin iyali da suturar yara suna gaba da kowane ado, kuma ba a cin bashi saboda shi.

Na huɗu: lafiyar yaro amana ce

Hadisin da ke nuna kowa makiyayi ne da za a tambaye shi kan kiwonsa ya hau kanku a nan. Yaron da bai kai shekara 3 ba yana kai komai baki, don haka ku nisanta shi da duwatsun ado da maɓalli da tsaba, domin suna shaƙe maƙogwaro ko su maƙale a hanci da kunne. 'Ya'yan idon zakara, masu ja da ɗigon baƙi, suna jan hankalin yara amma guba ne mai kisa idan an tauna, haka 'ya'yan zurma. Nonon tumfafiya yana cutar da ido. Ƙaramin batir mai kamar kwabo da ke cikin fitilun wasa yana ƙona hanyar abinci cikin 'yan sa'o'i idan an haɗiye shi, sai a garzaya asibiti ba tare da jira ba. Reza da allura su tsaya a hannun babba, igiya mai tsawo kada ta kai wuyan yaro, kuma kada a kusanta kara da kaba da aci-balbal ko murhu. Abin wasa mai fashewa kuwa ku bar shi gaba ɗaya, domin a garin da ya saba jin harbi ƙararsa tana firgita mutane, tsoratar da Musulmi kuma haramun ne.

Idan akwai marayu ko 'ya'yan 'yan gudun hijira a maƙwabtanku, ku kira su su zauna tare da naku, kowa ya koma da abin da ya haɗa. Ranar Idi kuma ku fita da yaran zuwa sallah idan hanya tana da aminci, ku koya musu kabbara, domin su san dalilin murnar.

Allah ya dawo da zaman lafiya ƙasar Gobir da sauran ƙasashen Musulmi, ya shirya mana zuriya.

Allah ne mafi sani.